Me ya sa babban zauren taron Fulorida ba a bakin teku yake ba?

Duk wanda aka ce masa Fulorida abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne teku da rairayi da Turawa kwance a rana, kuma ba laifinsa ba ne don haka su ma suke tallata kansu. Jiha ce a kudu maso gabashin Amurka da ruwa ya kewaye ta ta gefe uku, Tekun Atlantika ta gabas, mashigin tekun Meziko ta yamma, mutanenta wajen miliyan 23 ne amma baƙin da ke shigarta a shekara sun haura miliyan 140, yawancinsu 'yan Amurka ne daga wasu jihohin. To a cikin waɗannan baƙin akwai wani rukuni da ba a cika maganarsu ba alhali su ne birane ke kokawa a kansu, wato masu zuwa taro. Likitocin haƙori, dillalan kayan gini, malaman makaranta, masu sayar da injinan gona, 'yan kamfanonin kwamfuta, kowace ƙungiya a Amurka tana da taronta na shekara, kuma wani taron sai ya tara mutum dubu talatin ko arba'in a wuri ɗaya.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne wurin da ya fi kwasar waɗannan mutanen a duk jihar ko ƙamshin teku babu a cikinsa. Olando kenan. Gari ne a tsakiyar jihar, sai ka yi tafiyar kusan awa ɗaya a mota kafin ka ga ruwan gishiri. A can ne zauren taro na gundumar Orange, wato gundumar da Olando ke ciki, yake, wanda aka buɗe a 1983 aka yi ta ƙara masa gini, filin baje kolinsa kaɗai ya kai murabba'in mita 195,000, kusan filin ƙwallo 27 kenan a ƙarƙashin rufi, kuma a duk Amurka Shikago da Las Begas ne kawai ke tsarar sa. Na garin Mayami Bich da ke dab da teku kusan kashi ɗaya cikin huɗu na wannan ne, na garin Tamfa da shi ma ke bakin ruwa kuwa wajen kashi ɗaya cikin goma. Kaga ashe ba teku ke cika zaure ba.

Sai a tambaya, to mene ne? Mai shirya taron mutum dubu arba'in ba kallon kyan gari yake fara yi ba, lissafin gado yake yi. Ina mutanen nan za su kwana, ɗaki nawa ne za a iya zuwa zauren da ƙafa ko da bas cikin minti goma, jirgi nawa ke sauka kai tsaye daga garuruwan da mambobinsa suke ba sai an yi ta canjin jirgi ba, kuma in kamfani zai kawo katuwar na'ura ta baje koli ƙofar tirela nawa ginin yake da shi. A nan Olando ta yi wa kowa fintinkau, kuma ba don taro aka gina mata wannan ƙarfin ba tun farko, Disney ne ya jawo. Tun da aka buɗe katafaren wurin wasa da shaƙatawa na Walt Disney World a Oktoban 1971, irinsa na SeaWorld ya biyo a 1973, na Universal a 1990, otal-otal suka yi ta tsirowa har yankin ya tara ɗakuna wajen 130,000, filin jirgin samansu kuma yana ɗaukar fasinja sama da miliyan 50 a shekara. Matsalar masu otal ita ce iyalai masu yara lokacin hutun makaranta suke zuwa, to ranar Talata a watan Fabrairu ko Oktoba wa zai kwana a ɗakunan? Masu taro mana. Su ne ke cike ramin, tsakiyar mako suke zuwa, kamfani ne ke biya musu don haka ba sa ciniki, suna cin abinci a wuri mai tsada, wani ma ya taho da matarsa da yara ya ƙara kwana biyu bayan an tashi taro a je kallon Mickey, ɓeran katun na Disney.

Ga kuma yanayi. A watan Janairu mutumin Shikago ko Boston yana cikin ƙanƙara har gwiwa, a Olando kuwa rana ta fito ana yawo da riga shara-shara. Shi ya sa babban baje kolin kayan wasan golf na PGA a Janairu ake yinsa a can, na masu wuraren wasan yara na duniya wato IAAPA kuma a Nuwamba. Da bazara in zafi ya tsananta manyan kamfanoni suka ja baya sai su cike zauren da gasar wasannin matasa, ka ga an shimfiɗa filayen ƙwallon raga birjik a cikin ginin, iyaye sun cika otal.

Yanzu ga inda maganar take da daɗi, kuɗin. Shi zauren taro a karan kansa ba wani riba yake kawowa ba, da yawa a Amurka ma asara suke tafkawa duk shekara, wani lokacin har kyauta ko da rangwame mai yawa ake ba manyan ƙungiyoyi don dai kar su tafi wani garin. Kamar filin kasuwar ƙauye ne, ɗan kuɗin rumfa da ake karɓa ba komai ba ne, masu tuwo da masu mota da 'yan dako ne ke kwasar ranar. To wa ke biyan kuɗin ginin tunda 'yan kasuwa ba za su zuba kuɗinsu a abin da ba ya dawo da uwa ba? Baƙon ne da kansa. Fulorida ba ta karɓar harajin albashi daga mutanenta, wannan kowa ya san ta da shi, sai ta dogara da harajin saye da sayarwa da kuma abin da baƙi ke bari. A 1977 majalisar jihar ta yi dokar da ta ba gundumomi damar ɗora haraji a kan kuɗin ɗakin otal, a gundumar Orange yanzu kashi 6 cikin ɗari ne, kuma abin da ake tarawa daga nan kaɗai ya wuce dala miliyan 300 a shekara. Ɗan siyasa yana son irin wannan harajin sosai, don wanda ke biya ba ya zaɓe a garin.

Amma dokar ta ɗaure kuɗin. Ba a ce a kashe shi yadda aka ga dama ba, an jera abubuwan da zai iya shiga: tallata gari ga baƙi, zauren taro, filayen wasa, gidajen tarihi, gyaran bakin teku da makamantansu. Sai abin ya zama zagaye, baƙo ya kwana ya biya haraji, a ɗauki harajin a faɗaɗa zaure a yi talla, a sami ƙarin baƙi, su ƙara biyan haraji, a sake faɗaɗa zaure. Masu otal su kam sun ce haka ya kamata, ai daga ɗakunansu kuɗin ya fito. Mazauna gari kuma suna cewa to mu fa, titinmu baƙin nan ke cikawa, 'yan sandanmu ke tsaronsu, matar da ke gyara musu gado tana awa biyu a bas kafin ta iso aiki, wasu ma'aikatan ma a tsofaffin ƙananan otal na gefen hanya ta wajen Kisimi, wani gari kusa da Olando, suke zaune da iyalansu suna biyan kuɗin mako-mako don haya ta fi ƙarfinsu. A Nuwamban 2022 an nemi mutanen gundumar su yarda a ƙara musu kashi ɗaya cikin ɗari a harajin saye don a gyara sufuri suka ƙi, shekara ta zagayo kuma aka amince a zuba fiye da dala miliyan 500 na harajin otal a sake faɗaɗa zauren. Ni a ganina ba rashin son bas ne ya sa mutane suka ƙi ba, haushi ne, ga tulin kuɗi a gefe an ce ba a taɓawa sai kuma a dawo aljihunsu.

Akwai wani farfesa a jami'ar Texas da ke San Antonio, Heywood Sanders, ya daɗe yana cewa biranen Amurka sun gina zaurukan taro fiye da tarukan da ake da su, kuma alƙaluman da ƙwararru 'yan kwangila ke ba hukumomi kafin gini, wai za a sami baƙi kaza da kuɗi kaza, sau da yawa ba sa cika. Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya musamman ga ƙananan garuruwa. Olando dai ta tsira don tana cikin 'yan ƙalilan da ke can sama, amma wanda ya kwaikwaye ta ba tare da gadajenta da jiragenta ba zai sha mamaki.

Jaksonbil ce misalin da ya fi fito da wannan. Ita ce birni mafi yawan jama'a a jihar in dai iyakar birni ake ƙirgawa, tana da kogi tana da bakin teku, tana da kulob a babbar gasar ƙwallon Amurka, amma a harkar taro ba a jin ɗuriyarta. Zaurenta tsohuwar tashar jirgin ƙasa ce ta 1919 da aka mayar wurin taro a 1986, gini mai kyau wallahi, sai dai ƙarami ne kuma an bar shi can gefe nesa da otal-otal da wuraren cin abinci. Mutum ya fito taro da yamma ba inda zai taka da ƙafa. An yi shekaru ana cewa za a gina sabo a bakin kogi, maganar na ta tashi tana kwanciya.

Mayami Bich kuwa wani salon ta ɗauka daban, tunda ba za ta iya gasar girma ba sai ta shiga gasar suna. Da farko ma a sani garin daban yake da Mayami, tsibiri ne da gadoji suka haɗa shi da babban birnin, fili ya yi ƙaranci kuma ɗaki tsada. Zauren nasu tun ƙarshen shekarun 1950 yake kuma ya ga tarihi, a cikinsa ne ranar 25 ga Fabrairun 1964 wani matashi ɗan shekara 22 mai suna Cassius Clay ya doke Sonny Liston ya zama zakaran damben duniya, bayan 'yan kwanaki duniya ta san shi da Muhammad Ali. A nan jam'iyyar Republican ta tsayar da Nixon takarar shugaban ƙasa a 1968, a 1972 kuwa duka manyan jam'iyyun biyu a nan suka yi babban taronsu. Amma abin da ya sake ɗaga shi a zamanin nan Art Basel ne, baje kolin zane-zane da aka samo daga Suwizalan ake yi duk Disamba tun 2002. Mako guda ne kacal amma attajiran duniya ke sauka da jiragensu, a nan ne a 2019 aka liƙa ayaba a bango da salatif aka sayar dala 120,000, kuma wani ya zo ya ɓare ta ya cinye a gaban jama'a. Irin wannan labarin ko nawa ka biya kamfanin talla ba zai samo maka shi ba. Sannan Mayami ita ce ƙofar Latin Amurka, ɗan kasuwa daga Bogota ko Sao Paulo jirgi ɗaya zai hau, ya sauka ya tarar da gari ana Sifaniyanci ko'ina, don haka taron da ke neman mutanen wancan yankin ba ya ma duban Olando. Zuwan Messi a 2023 da tseren motoci na Formula 1 tun 2022 duk ƙari ne a kan sunan.

Duk da haka su ma gadon ne ya riƙe musu wuya. Sun kashe sama da dala miliyan 600 sun sabunta zauren aka buɗe a 2018, amma babu babban otal manne da shi, kuma masu shirya manyan taruka suna son otal guda da za su kama ɗakuna ɗaruruwa a ciki, ba a warwatsa mutanensu a ƙananan otal masu tsada na bakin ruwa ba. Filin na gwamnatin gari ne don haka sai da aka kai maganar gaban masu zaɓe, a 2016 ba ta sami kashi 60 da ake buƙata ba saboda mutane na tsoron cunkoso, sai a 2018 aka amince da otal mai ɗaki 800. Fot Lodadel da ke arewa da su kaɗan ita ma abin da ta yi kenan, ta faɗaɗa zaurenta da ke jikin tashar jiragen ruwa ta haɗa da otal mai ɗaki kusan 800.

Labarin Fot Lodadel ɗin ma yana nuna wani abu, cewa ba kowane baƙo gari ke so ba. A tsakiyar shekarun 1980 ɗaliban jami'a sama da 300,000 ke kwarara garin lokacin hutun bazara, shaye-shaye da hayaniya da fasa kaya, su cunkusu su takwas a ɗaki ɗaya su ci abinci mai arha. Garin ya tashi tsaye da dokoki ya kore su da gangan, ya koma neman masu jiragen ruwan alfarma da masu taro, yau baje kolin jiragen ruwansu na cikin mafi girma a duniya. Mayami Bich ma a 2024 har talla ta yi ta fito fili ta ce ta raba gari da masu hutun bazara, ta sa dokar hana fita da shingaye da tsadar wurin ajiye mota, bayan harbe-harben da aka yi a shekarun baya. Lissafin a fili yake, likita ɗaya da ya zo taro ya fi ɗalibi biyar barin kuɗi kuma ba ya buƙatar 'yan sanda su bi shi.

Tamfa ba sai an daɗe a kanta ba, matsakaiciya ce kuma ta san matsayinta. Zaurenta na 1990 yana bakin ruwa a tsakiyar gari, ka fito ka bi hanyar ƙafa ta gefen kogi, ko ka hau taragon da ke kai mutane Ybor City unguwar da 'yan Kuba da Sifaniyawa suka kafa da sana'ar naɗa sigari. Tarukan mutum dubu biyu zuwa 'yan dubbai take nema, waɗanda in sun je Olando ɓacewa za su yi a cikin ginin.

Amma Tamfa ce ke tuna wa mutum abin da tekun ke zuwa da shi. Daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba lokacin guguwa ne, rabin shekara cur. A 2012 da Republican suka yi babban taronsu a Tamfa sai da guguwar Isaac ta sa aka ɗage ranar farko. A 2022 Ian ta ragargaza yankin Fot Mayas, a 2024 Helene da Milton suka zo a jere cikin mako biyu, Milton ta yaye rufin filin wasan Tropicana da ke Sent Pitasbag. Manyan taruka shekara biyar har goma kafin lokaci ake kama musu wuri, to wanda zai sa hannu a kwangilar watan Satumba a bakin teku dole ya yi tunani sau biyu ya kuma sayi inshora. Nan ma Olando ta ci riba, guguwa na isa can amma ta rage ƙarfi kuma babu ambaliyar teku, hasali ma mutanen bakin ruwa can suke gudu su cika otal in an ce a kwashe. Mayami Bich kuwa ko ba guguwa akwai lokutan da ruwan teku ke ɓullowa ta magudanan titi rana tsaka, har ta kai ana ɗaga tituna ana kafa injinan zuƙe ruwa da kuɗi masu yawa.

Sai siyasa, wadda ba wanda ya sa ta a lissafi lokacin da ake zuba kankare. Bayan dokokin da gwamna Ron DeSantis ya sa wa hannu a kan abin da za a koyar a makarantu game da jinsi da tarihin baƙaƙen fata, da rigimarsa da Disney, ƙungiyar NAACP mai kare haƙƙin baƙaƙen fata ta fitar da gargaɗin tafiya Fulorida a Mayun 2023, ƙungiyar injiniyoyi baƙaƙen fata ta ƙasar ta ɗauke taronta na 2024 daga Olando ta kai Atlanta, wasu ma suka bi. Gaskiyar magana adadin baƙin jihar gaba ɗaya bai faɗi ba, iyali mai son kai yara Disney ba ruwansa da gwamna. Amma taro daban ne, kwamiti ne na mutum goma ko ashirin ke yanke hukunci a madadin dubbai, in suka juya baya shi kenan an rasa dubban kwanan ɗaki a zama ɗaya, kuma ba za a ga ramin ba sai bayan shekaru lokacin da ranar ta zo zaure na wofi. Korona ma ta nuna haka, a Maris ɗin 2020 an soke babban taron fasahar kiwon lafiya na HIMSS a Olando saura 'yan kwanaki a buɗe, mutum dubbai sun riga sun sayi tikiti.

Abu na baya-bayan nan da ya canza taswirar shi ne jirgin ƙasan Brightline da ya fara haɗa Mayami da Olando a Satumban 2023, tafiyar kusan awa uku da rabi, wato yanzu mutum zai iya gama taro a Olando ya je ya ga tekun da aka yi masa talla ba tare da ya yi hayar mota ba. A Mayun 2025 kuma Universal ta buɗe sabon wurin wasanta Epic Universe dab da zauren taron, ƙarin otal ƙarin cunkoso a International Drive, titin da zauren yake. Sai dai jirgin ƙasan a filin jirgin saman Olando yake tsayawa. Daga nan zuwa zauren da ke karɓar mutum dubu arba'in a rana ɗaya babu layin dogo, tasi ne ko Uber ko bas, shirin shimfiɗa layin da zai bi ta zauren ya wuce wajen Disney yana nan ana ta nazari ana jayayya a kan wanda zai biya.